Ƙullun Umma Mas'uda

Roma, ƙasar Italiya
Watan Satumba

Zuwa ga ƙawata 'Yardada,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, da fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da iyali da duk mutanen Dala, waɗanda na sani da waɗanda aka haifa bayan tafiyata.

Ni ce Lami. Lamin Umma Mas'uda, 'yar Yahudawan nan mutanen Turabulus da suka zauna a sashen bayan gidanku, wadda Innarki ta raɗa wa suna saboda ranar Alhamis aka haife ni. A nan Rahel suke ce mini, amma fiye da shekara hamsin ke nan ina jiran wanda zai sake kirana Lami.

Makon jiya ɗana ya shigo mini da baƙo, abokin cinikinsa da ke kawo masa jemammiyar fata daga Kano. Na yi masa sannu da zuwa da Hausa, saura kaɗan kofin shayi ya suɓuce masa. Na ce wace unguwa, ya ce Dala. Na ce gidan wa, ya ce gidan Baba Ilu dillalin fata, shi jikansa ne, Gwadabe ɗan 'Yardada. Ban san lokacin da na riƙe masa hannu ba. Ya ce zai haɗa mu ta waya, na ce kunnena ya yi nauyi, gara in rubuta, shi ya ɗauki hoton takardar ya aika miki. Ki yi haƙuri da Hausata, ta daɗe a rufe.

Jibi sabuwar shekararmu, wadda ku kuke ce wa sallar ƙaho. Kin tuna yadda Baba Ilu ke ajiye wa Babana ƙahon ragonsa na layya? Baba ya dafa shi, ya rarake shi, in shekara ta kama ya hau soro ya busa, mu kuma muna ƙasa muna ƙyalƙyala dariya don awakin unguwa na amsa masa. Da na girma na gane kukan nan ba shi da kalma ko ɗaya saboda akwai abin da bawa ke son gaya wa Ubangiji wanda baki ba ya iya faɗa. Ana busa shi ne don a tuna ragon Annabi Ibrahim, a kuma farka a duba shekarar da ta wuce.

A Kano mu 'yan kaɗan ne. Sallar jam'i a wurinmu ba ta tsayuwa sai da maza goma, sai Baba ya hau keke ya bi Fagge da Bompai yana tara su ɗaya bayan ɗaya. Wata shekara mutum ɗaya ya rage, suka zauna a zaurenku kamar masu jiran mota, har Baba Ilu ya ce in ana aro a are shi. A nan majami'armu cika take yi, har a rasa wurin zama. Ina godiya ga Allah, amma ni har yanzu ƙahon soronku nake ji.

Ki rubuto ki gaya mini wa ke raye. Allah ya rubuta mu cikin masu ganin baɗi.

Taki har kullum,
Lami

Dala, cikin birnin Kano

Zuwa ga Lami sarkin kuka,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta yara da jikoki. Mu nan sai godiyar Allah.

Takardarki ta zo. Na karanta na yi kuka, na kuma yi dariya, don Hausar taki ta kakanni ce, yaran yanzu sai an yi musu fassara. Kin tambayi wa ke raye. Ni ce. Baba ya rasu, Inna ta rasu, mahaifin su Gwadabe ya rasu na dawo ɗakin Inna. Gwadabe da matarsa Bahijja su ne a sashenku. Soron da kike magana an rushe shi an zuba kwano, in ruwa ya sauka ba mai jin maganar wani.

Yanzu ki gyara zama, akwai maganar da na daɗe ina neman mai ita.

Kin san duk shekara in sallarku ta gurasa marar tsami ta matso, Umma Mas'uda kan share gida kamar za a kawo amarya, sannan ta ɗauko 'yar tukunyar nan ta ƙullun tsami, wanda take tayar da gurasarku da shi, ta kawo wa Inna. In makon ya fita, Inna ta ɗora mini tukunyar a ka, ta haɗa da man shanu da zuma, in kai muku. To, shekarar ƙarshe mahaifinki Baba Nisim ya kwanta ciwo a tsakiyar makon, aka tafi da shi Legas, kuka bi shi. Muka ji ya rasu, muka ji an wuce da ku Turabulus, daga nan labari ya yanke. Tukunya kuwa tana ɗakin Inna.

Lami, ƙullun nan yana nan da rai. Inna ba ta taɓa barinsa da yunwa ba, kullum sai ta ba shi garin alkama da ruwa. Da ya riƙa cika yana tumbatsa, ta ce zubarwa almubazzaranci ne, sai ta fara gurasa da abin da ya ƙaru. Da gurasar nan aka aurar da ni, da ita na yi wa Gwadabe makaranta. Amma uwar ƙullun, ta cikin tukunya, Inna ta ce kayan mutane ne, ba a ɗiba wa kowa. Ranar da za ta cika ta riƙe ni ta ce, "Amanar Mas'uda na hannunki. Ki mayar."

Kin san matan Dala da na Jakara. Babu wadda ba ta zo da kwano roƙon ɗan tsami ba, don gurasarmu ba ta yin irin tasu. Na hana kowa. Har suna suka sa mini, 'Yardada mai rowar tsami, yara na rera shi a lungu. Na shanye, don na san abin da nake tsaro.

Yanzu hannuna rawa yake, likita kuma ya ce zuciyata ta gaji. Bahijja yarinyar kirki ce, amma ita yis take saye a leda, ta ce ba za ta iya renon tukunya kamar jariri ba. Ni kuma ba na son in shiga kabari da kayan mutane a wuyana. Allah ne ya kai Gwadabe gidanki. Ki faɗa mini yadda zan aiko miki da amanarku in huta.

Ki gaida yara. Allah ya bar zumunci.

Ƙawarki,
'Yardada

Roma
Watan Oktoba

Zuwa ga 'yar'uwata 'Yardada,

Ina gaishe ki, ina gaida Gwadabe da Bahijja, ina yi miki ya jiki. Allah ya ƙara sauƙi.

Takardarki ta same ni ana gobe babban azuminmu, wanda Inna ke yi wa Umma tsiya da shi, wai azumin yini ɗaya ma har da sa fararen kaya. Na wuni a majami'a ba ci ba sha, littafi a hannuna, amma idona tukunyar nan yake gani. Bakinta akwai ɗan karyewa ta gefe ɗaya, ni na yi shi. Kakar Umma ce ta fara tayar da ƙullun nan a Turabulus, Umma ta shigo da shi Kano a ƙunshe cikin zane tana amarya. Na ɗauka ya mutu tun ina budurwa.

Yanzu a cikin bukka nake rubuto miki, don sallar bukka ta kama. Jikokina sun kafa mini ita a baranda da ganyen dabino. Ba ta kai ta Kano ba, wadda Baba Ilu ke ba mu zana da karan dawa, ke kuma ki shigo ki cinye mana dabino. Dole rufinta ya zama ana hango sama ta cikinsa, don mutum ya tuna gidan siminti ma aro ne. Ni da na bar gida sau biyu, Kano da Turabulus, ba na bukatar a tuna mini, amma ina son zaman.

'Yar'uwa, akwai maganar da na so in haɗiye, amma ba zan karɓi abu a hannunki da rufa-rufa ba. A addininmu, makon Fesah, wato sallar gurasa marar tsami, ba ci kaɗai aka hana mu ba. An hana mu mallakar duk abin da ya yi tsami, ko yana gidanmu ko yana gidan wani. Wanda ya kai nasa ajiya wurin maƙwabci bai yi komai ba, har yanzu nasa ne. Kuma tsamin da mako ya wuce a kansa yana mallakar Bayahude ya haramta gare mu har abada. Ba a ci, ba a sayarwa, ko kaza ba a ba ta, sai dai wuta.

Na je wurin malaminmu da takardarki. Tambaya ɗaya ya yi mini: Umma bayarwa take yi ko ajiyewa? Na ce bayarwa. Na san haka don Baba kan tsaya a bakin ƙofa ya ce mata, "Ki bayar har zuci, kada ki sa rai." Hausar Umma ba ta da yawa, wataƙila ba ta taɓa iya yi wa Inna bayani ba. Abin da kike ɗaukowa a ka in mako ya fita, a wurinmu sabuwar kyauta ce daga Inna, ba mayarwa ba.

Don haka ƙullun nan na Inna ne, yanzu naki ne. In kika aiko shi da sunan amanarmu, to kin shaida namu ne duk shekarun nan, ni kuma ba ni da abin yi sai in ƙone shi. Ba zan iya ƙone shi ba, ba kuma zan iya ci ba. Ki sauke nauyin, ba ki da kayan kowa a wuyanki.

Ki yafe mini in na ɓata miki. Na bar ki lafiya.

Taki,
Lami

Dala

Lami,

Bayan gaisuwa. Jiki da sauƙi.

Na karanta, na sa Gwadabe ya sake karanta mini ko idona ne. Wato Inna ba ta san abin da take yi ba ke nan? Matar da ta haddace hukuncin ajiya tun ba a haife ki ba? Malamin nan naku ya taɓa ganin tukunyar, ko ya san Inna?

Ki gaya mini, wace irin kyauta ce ake bayarwa duk shekara a rana sananniya, a kuma dawo da ita a rana sananniya, a tukunyarta, da marfinta? Mu a nan wannan ajiya muke ce masa, ko yaro ya sani.

Ranar da na haifi Gwadabe sai da na ja jiki na ba ƙullun nan gari kafin in sha kunun kanwa. Da zan tafi aikin Hajji ban yi wa kowa wasiyya a kan ɗakina ba sai a kansa. An zage ni a kansa, an yi mini waƙa, ƙawaye sun daina shigowa gidana. Yau ke kina zaune a bukka kina shan iska, kin ce duk wannan a kan kayana nake yi. Ashe ni marowaciyar ce ta gaske.

Ni uwata ta ce in mayar. Ba malaminku ne zai tsaya a wurina ba ranar da za a tambaye ni. In ba kya so, ki ce ba kya so, kada ki kawo mini dogon karatu. Raina ya ɓaci, Lami, kuma ba zan ɓoye ba.

Ki gaida yara, su ba su yi mini komai ba.

'Yardada

Roma
Watan Disamba

Zuwa ga 'Yardada,

Gaisuwa da fatan kina samun sauƙi. Na rubuto sau biyu ba amsa. Ba komai, na san fushinki tun muna wasan 'yar tsana, ba ya sauka sai ya gaji don kansa.

Sallar fitilu muke ciki. A nan kyandir suke kunnawa, ni kuwa na ce sai mai da lagwani. Kin tuna shekarar da man zaitun ya yanke, Inna ta ba mu man gyaɗa, Umma ta jera 'yan kasake a kan katanga, maƙwabta suka ɗauka sunan jariri ake? Sanyin garin nan yana shiga ƙashi. In na kunna fitilar sai in zauna kusa da ita, don an ce kada a yi aiki da haskenta, kallo kawai ake yi. Tsufa ya koya mini daɗin abin da ba a aiki da shi.

Ba na ce Inna ba ta san abin da take yi ba. Ina so ki ji yadda abin yake daga ɗakinmu. Kakanninmu sun fita daga hannun Fir'auna da gaggawa, ƙullunsu bai tashi ba, ba su san abin da za su ci gobe ba. Shi ya sa duk shekara ake so mu ma mu saki namu, mu kwana mako guda ba mu da shi. Umma kan dawo daga ɗakin Inna hannu wofi tana share ido, don ta san in Inna ta ga dama ta riƙe, ba mu da bakin magana. Ranar da mako ya fita kuwa, tun la'asar take leƙen ƙofa. In ta hango ki da tukunya a ka, addu'a take yi, ba don kayanta sun dawo ba, sai don Allah ya sake ba ta maƙwabciya irin Inna. Da ajiya ce, da Inna bashi kawai take saukewa. Ita kuwa nata take ɗauka ta ba baƙi, shekara da shekaru.

A nan Roma Umma ta tayar da sabon ƙullu ya fi a ƙirga, ba wanda ya yi mata. Takan ture kwanon ta ce, "Na Uwani yana can Kano, ita ba za ta bar shi ya mutu ba." Haka take faɗa har ta rasu, da sunan Innarki.

Ina son ƙullun nan, 'Yardada. Ina son in ji ƙanshin ɗakin uwata kafin in bi ta. Amma ta ƙofa ɗaya kawai zai iya shigowa gidana, ke ce kuma mai buɗe ta.

Allah ya ba ki lafiya.

Lami

Kano
Watan Fabrairu

Zuwa ga Inna Lami,

Gaisuwa da girmamawa irin ta ɗa ga uwa, da fatan kina lafiya, da ɗan'uwana ɗanki da iyalinsa.

Na rubuto ne ba da sanin Hajiya mahaifiyata ba. Jikinta ya tashi a watan jiya, har muka kwanta asibiti. Alhamdu lillahi an sallame mu, tana cin abinci, ta fara faɗa, wanda a wurinmu shi ne alamar sauƙi.

Muna asibiti hankalin kowa ya tafi can, aka manta da tukunyar. Da Hajiya ta farfaɗo ita ta fara tambaya. Bahijja ta buɗe ta tarar wani baƙin ruwa ya kwanta a sama, wari kuma ya cika ɗaki. Daga kan gado ta riƙa gaya wa Bahijja yadda za ta tsiyaye ruwan, ta ɗebi na ƙasa, ta ba shi gari kaɗan-kaɗan. Da kyar ya dawo numfashi.

Takardarki ta sallar fitilu ta sa na buga mata a takarda, tana nan a ɗakinta. Ba ta ce komai a kai ba, ni ma ban tambaya ba. Ina roƙon ki ƙara haƙuri da ita. In Allah ya yarda zan shigo Italiya bayan ƙaramar Sallah.

Ɗanki,
Gwadabe

Dala
Cikin watan azumi

Zuwa ga ƙawata Lami,

Gaisuwa mai yawa, da ban haƙuri kaɗan, don ba zan ba ki da yawa ba. Ya sanyi, ya jikoki?

Ƙunshin sallar nan taku ta rabon kayan zaƙi ga maƙwabta ya iso ta hannun abokin Gwadabe. Alewar nan mai riɗi irin ta Umma ce sak, da ita na sha ruwa jiya, likita bai sani ba. Na tuna yadda muke zaga lungu da faranti a wannan sallar taku, ke kina sallama ni ina cin na gefe.

Malam Abdulbaƙi limamin unguwarmu ya shigo duba ni, na ce ya zauna. Na zayyana masa komai, ina jiran ya ce malaminku bai iya karatu ba. Ya saurara ya ce, "Hajiya, abu yana fita daga hannun mai shi ne da niyyarsa. In matar nan ta bayar har zuci, Inna kuma ta karɓa, to ya zama na Inna ko da ita ba ta sani ba. Ke kuma gado kika ci." Na ce, "Malam, kai ma?" Ya yi dariya ya ce, "Inna ta ce ki kai wa Mas'uda. Ai ba ta hana ki kai da hannun kyauta ba." Na ce ya tashi ya tafi, azumi nake ba na son musu.

Amma ba maganarsa ce ta karya ni ba. Ranar da Bahijja ta ce mini ƙullun ya yi baƙi, na kwanta ina lissafin abin da ya rage ya mutu. Abin da ya ƙetare sahara, ya binne Inna da Umma, zai ƙare a tukunya ɗaya don tsohuwa ɗaya ta kwanta asibiti. Da yana gidaje goma da ban tsorata ba. Na yi kuka sosai, Lami. Ban yi nadamar tsaron da na yi ba, abin da na sani ke nan a lokacin, amma na ji tausayin kaina.

Ranar Juma'a na aika a kira mini matan da ke gurasa, kowa ta zo da kwano. Suka cika tsakar gida suna kallon juna, sun ɗauka wasiyya zan yi. Nana Hauwa, wadda ta fara raɗa mini sunan rowa, yanzu da sanda take tafiya, amma kwanon da ta zo da shi ya isa wankan jariri. Na ce, "Ke, tsami na ce, ba tuwon biki ba."

Ta ce, "Shekara nawa ina jira? Zuba kawai."

Na zuba mata da hannuna. Ta kai hanci ta shaƙa, sannan ta ce, "Mai shi ta zo ne?"

Na ce, "Mai shi ce ke zuba miki."

Kowa ta samu, na gaya musu sunan Umma Mas'uda da na Inna, na ce su riƙa ba wanda ya roƙa. Bahijja ma ta miƙo kwano, wai tun da ta tayar da shi daga mutuwa ta ji ba za ta iya rabuwa da shi ba. Ledar yis ɗin dai tana nan a kicin ɗinta, ina ganinta.

Naki na shafa shi a faifai siriri, ya bushe a inuwa, na marmasa shi na zuba a gwangwani. Ki jiƙa da ruwa mai ɗumi, ki ba shi gari kaɗan, kada ki yi masa gaggawa. Na gaya wa Gwadabe kada ya taka ƙofarki sai makon naku ya fita, ko da a otel zai zauna, ya kuma haɗa da zuma da man shanu.

To ki kai wa malaminku wannan, da rubutun hannuna. Ƙullun nan nawa ne, na gada wurin uwata Uwani, ita kuma maƙwabciyarta ce ta ba ta. Ba wanda ya tilasta ni. Na ba ki, Lami, har zuci.

Allah ya karɓi ibadunmu, ya jiƙan iyayenmu.

Ƙawarki,
'Yardada

Roma
Farkon watan Mayu

Zuwa ga 'Yardada,

Gaisuwa da godiya, da barka da Sallah ko da ta wuce.

Gwadabe ya bi umarninki. Ranar da Fesah ya fita, tun la'asar nake bakin taga, har jikokina na yi mini dariya. Rana na faɗuwa ya ƙwanƙwasa, ya ɗora gwangwanin a ka kamar yadda kika ce masa, babban mutum da gemu. Na karɓa da hannu biyu.

Kwana biyu bai motsa ba, na ce tsufa ya hana ni iyawa. Da safiyar rana ta uku na buɗe, ya yi ƙwayoyin ido, ƙanshin ya bugi fuskata. Na zauna a ƙasan kicin na kira Umma. Na yi gurasa, ta ƙone ta gefe ɗaya, na ci a tsaye da man shanunki.

Saura magana ɗaya. Yanzu nawa ne, kin ga baɗi in Fesah ya matso dole in sake shi, in bayar har zuci, in zauna mako guda hannu wofi. Ɗana ya ce akwai maƙwabta a benen nan da za su karɓa. Na ce masa ni maƙwabciya ɗaya gare ni, tana Dala.

Don haka ki sha maganinki, ki rage alewa, ki ji maganar likita. Zan aiko miki da shi baɗi, kuma zan zauna a bakin taga.

Taki,
Lami